Jikan Bebeji Da Ba Ya Cin Gyaɗa

Landan,
Ingila.

Zuwa ga taubashina, sarkin ragwayen Bebeji,

Ina fatan kana lafiya, kai da iyali da tsohon babur ɗin nan naka da ba ya tashi sai yaran unguwa sun tura. Ka gaishe min da Hajiya, ka ce mata saƙo ya iso: kuka, daddawa, busasshen zogale da ƙuli-ƙuli mudu biyu. Kuka da daddawa tuni suka shiga tukunya. Ƙulin ne ya sa na ɗauki biro.

Gyara zama ka ji abin kunya. Abba, ɗan cikina, jikan Bebeji, ba ya cin gyaɗa. Shi dai yana so, jikinsa ne ya ƙi. Ka duba fa: garin da aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, attajirin da buhunan gyaɗarsa suka tashi dala a Kano har Turawa suna ɗaukar hoto, yau jinin garin ne gyaɗa ke kora da gudu. Na san dariya kake yi. Yi ka gama, sauran maganar ba ta dariya ba ce.

Ranar da saƙon ya zo, uwargida ta daka ƙulin ta yi mana kwaɗon zogale. Yaro ɗan shekara huɗu ya kai loma biyu. Kafin in kai ta uku, leɓensa ya kumbura suntum, jiki ya yi ruɗu-ruɗu da borin jini, murya ta dushe, numfashi yana fita da ƙara kamar usur. Ni da nake taƙama da digiri biyu, sai ga ni a kicin ina laluben manja. Allah ya sa uwargida ta fi ni hankali, ta buga 999. Masu motar asibiti suka zo suka caka masa allurar adirenalin a cinya, muka kwana a asibiti.

Bayan makonni aka yi masa gwaji. Likita ta ɗiga ruwan abinci iri-iri a damtsensa, tana ɗan taɓa kowane ɗigo da tsinin allura. Cikin minti 15 wurin gyaɗa ya tasa kamar cizon sauro. Ta ce garkuwar jikinsa ce ta ɗauki gyaɗa abokiyar gaba, da ta ganta sai ta tada yaƙi, yaƙin kuma a jikin yaron ake yinsa. A ƙasar nan wajen yaro ɗaya cikin 50 haka yake. Makarantu da yawa sun hana shiga da gyaɗa, kamar wani makami. Tun Oktoban 2021 kuma doka ta tilasta wa masu naɗe abincin sayarwa su rubuta duk abin da ke ciki, su fito da abubuwa 14 masu tada irin wannan bori ɓaro-ɓaro. Dalilin dokar wata yarinya ce mai suna Natasha, 'yar shekara 15, da ta rasu a 2016 bayan ta ci burodi mai riɗi a ciki. Riɗin nan dai da muke yin kantu da shi.

Ga inda za ka ji daɗi. Na tambayi likitar, ya aka yi mu da muka tashi a kan kunun gyaɗa ba mu san wannan ba? Ta ce dalilan suna da yawa, amma na ambaci babba da bakina. A 1998 hukumomin nan sun shawarci gidajen da ke da tarihin irin wannan ciwo su nisanta yara da gyaɗa har shekara uku, sai a 2009 suka janye. Sannan Farfesa Gideon Lack da abokan aikinsa suka bi jarirai 640 a nan Landan har suka kai shekara biyar. Sakamakon ya fito a 2015: waɗanda aka fara ba gyaɗa tun suna jarirai, ciwon ya ragu a cikinsu da kusan kashi 80 cikin 100. Wato abin da Hajiya take yi da ludayi tun kafin a gina dam ɗin Tiga, shi aka kashe fam masu yawa aka gano. Ni kuwa da na ga gargaɗi a kowane kwali, sai na hana yaron gyaɗa gaba ɗaya, wai ni ɗan boko. Ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya.

To amma ka karanta wa Hajiya wannan sashen sau biyu, don muna tafe Babbar Sallah in Allah ya yarda. Sabawar nan ta jariri ce, wanda ciwon bai kama ba: daga wajen wata shida, kunu mai laushi, ban da ƙwayar gyaɗa har sai ya kai shekara biyar, saboda shaƙewa. Jaririn da fatarsa ke yawan bushewa da ƙaiƙayi kuma a fara nuna wa likita. Wanda ya riga ya kamu irin Abba, ba a saba masa a gida. Na san Hajiya. Za ta ce iyayi ne irin na 'ya'yan Turai, ta faki idona ta ɗan lasa masa. Don girman Allah kada ta yi. Ba maita ba ce, ba sammu ba ne, ba kuma aikin mutanen ɓoye ba, saboda haka a bar maƙwabciyar nan da ake zargi ta huta.

Gyaɗa a wajenmu kamar ɗan siyasa take, babu taron da ba ta zuwa. Tana cikin yajin tsire, tana cikin miyar taushe da fate da kwaɗo, ga dakuwa, ga hallaka-kwabo, ga man ƙulin da ake zuba wa ɗanwake. Turmin da aka daka ƙuli da ludayin da ya shiga kunu ma sai an wanke su tas. In za ka kai shi Kwanar Ɗangora yawo, ka saya masa rake, ku wuce mai tsire kamar kana bin sa bashi, a'a, kamar shi yake bin ka.

Za mu zo da allura biyu masu kama da biro. Ba a barin su a mota cikin rana. In ka ga leɓe ko harshe ya kumbura, ko numfashi ya yi wuya, ko jiri ya ɗebe shi, a caka ɗaya a gefen cinya nan take, ko ta saman wando ne. A kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, in numfashi ya tsananta a zaunar da shi, amma kada ya miƙe. Minti biyar babu sauƙi, a ƙara ta biyu. Daga nan sai asibiti, ko da ya warware yana dariya. Piriton na kemis maganin ƙaiƙayi ne, ba ya buɗe maƙogwaro. Manja da nono kuwa a bar su a miya da fura. Wannan ya sa ba zan bar shi ya bi ka Doguwa ta dajin Falgore ba, asibiti ya yi nisa, babur ɗinka kuma mun san halinsa.

Kada ka ce yaron ne kaɗai rago. Ni da na yi sussuka a Kiru, na sha buntun shinkafa a Tudun Wada ko tari ban yi ba, bununin ciyawar Ingila ya kayar da ni. Daga Mayu zuwa Yuli atishawa nake yi ido jajur, har abokan aikina suna min ta'aziyya. Wannan ya tuna min da 'yarka ta biyu, mai tarin dare duk hunturu. Ku daina kunna maganin sauro mai hayaƙi da turaren wuta a ɗakin da take kwana, a sa gidan sauro, a yayyafa ruwa kafin shara, a nisanta ta da murhu. In ƙirjinta yana ƙara, ka kai ta a duba ko asma ce. Mura ba ta wata uku.

Likita ta ce wajen ɗaya cikin biyar na irin su Abba suna rabuwa da ciwon in sun girma, sai a taya mu da addu'a. Kafin nan, rabonsa na ƙuli na bar maka halak malak, a madadin kuɗin sharar da kake ta yi min waya a kai. Ka ce wa Hajiya ta tanadar wa angonta kifin Tiga da tuwon shinkafa, a soya kifin da man da babu gyaɗa a ciki.

Wassalam.

Naka,
ɗan gwaggonka, wanda ya fi ka komai ban da cin ƙuli.