Buɗaɗɗiyar Takarda zuwa ga Malam Agogo

Zuwa ga Malam Agogo, sarkin daƙiƙu, mai kwana a farke, wanda ba ya jiran basarake balle talaka. Gaisuwa mai yawa da girmamawa, da fatan batirinka bai yi sanyi ba. Amma ba'adu.

Ranka ya daɗe, dalilin takardar nan wata nasiha ce da ta yaɗu tsakanin ma'aikata da 'yan kasuwa, wadda masu ita suke cewa duk wanda rayuwarsa ta zama guje-guje, ya fita bai karya ba, ya komo 'ya'yansa sun yi barci, to, maganinsa ya nemi littafi da alƙalami, ya riƙa rubuta abin da ya yi da kowane rubu'in sa'a, domin in mako ya zagayo ya ga inda sa'o'insa 168 suka zurare, ya toshe kafar, ya sami natsuwa. Na karɓi nasihar hannu bibbiyu, na ja layuka, na yi gida-gida: na aiki, na barci, na ibada, na abinci, na hanya. Kai ne alƙalin wannan hisabi, shi ya sa na kawo ƙara gabanka, ko da yake kai ɗin ne ake ƙara.

Ga mas'alar da ta gagare ni. Wani dattijo maƙwabcina yakan yi sallama da hantsi, ya tuɓe takalma a bakin zaure, ya zauna kan tabarma, mu fara da ina kwana, ina gajiya, ina iyali, yaya muka ji da zafi, sa'an nan mu yi shiru kaɗan, a fasa goro, a sake sabuwar gaisuwa daga farko, kuma ba ya faɗin abin da ya kawo shi sai ya miƙe na rako shi ƙofa. A wane gida zan rubuta wannan? Ba aiki ba ne, ba barci ba ne, kuma ko da malamai sun ce kiyaye haƙƙin maƙwabtaka ibada ne, littafin naka bai san ibadar da ba a san ƙarfe nawa za ta ƙare ba. Ran nan muna tsakar gaisuwa ta biyu ka ja idona zuwa tsintsiyar hannuna, dattijon ya lura, ya laluba takalmansa ya ce, "To, Malam, bari in bar ka, na ga kana da uzuri." Wallahi ba ni da wani uzuri sai kai, kuma wannan kunya a wuyanka take.

Da haka ta faru sai na binciki asalinka, kamar yadda akan yi wa mai neman aure. Kafin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, yinin mutanenmu sunaye gare shi, asuba da hantsi da walaha da azahar da la'asar sakaliya da almuru, ladan yana auna inuwa da tafin ƙafarsa, ba a kuwa rasa salla ba. A waccan shekara kuma wani injiniya Ba'amurke, Frederick Taylor, ya fitar da littafinsa kan tsarin aiki, inda ya ba da labarin yadda ya sa wani ya tsaya kan leburori a wata masana'antar ƙarfe, kai kana hannunsa, har mai loda tan 12 da rabi a yini ya koma loda tan 47. To, ranka ya daɗe, wanda aka raine shi domin ya tatso ƙarin gumi, ta yaya yau za a kawo mini shi a ce shi ne bokan hutu? Akwai kuma Aleksandr Lyubishchev, masanin ƙwari na ƙasar Rasha, wanda ya rubuta lissafin lokacinsa kullum tun daga 1916 har mutuwarsa a 1972, shekara 56 cur, har lokacin da yake kashewa wajen haɗa lissafin ma yakan shigar da shi cikin lissafi. Na jinjina wa himmarsa, amma ina zaton ba shi da zaure.

Kada ka ɗauka hisabi baƙo ne gare mu. Harisu al-Muhasibi, wanda ya rasu a Bagadaza a 857, laƙabinsa ma daga tuhumar kai ya samo shi, Imamu Gazali kuma ya keɓe wa muraƙaba da muhasaba littafi guda cikin Ihya'u, ya kwaɗaitar da mumini ya zaunar da ransa da dare ya tuhume shi yadda attajiri kan tuhumi abokin cinikinsa. Sai dai su abin da suke tambaya shi ne wa ka cuta yau, wa ka taimaka, da wace niyya, kai kuwa ba ka da tambaya sai minti nawa.

Adalci ya sa in ambaci alherinka guda. Wakilin nan naka da ke cikin wayar hannu, wanda kamfanin Apple ya naɗa a 2018 don ya riƙa kawo rahoton mako, ya wanke dattijon nan sarai, domin ya nuna ɓarawon lokacin a aljihu yake kwana, ba a zaure ba.

Saboda haka ga sulhun da nake nema. Ka riƙe ofis, da tashar jirgi, da lokacin shan magani, da jarrabawar yara, ba mai ja da kai a nan. Amma ta'aziyya, da dubiya, da ɗaurin aure, da hirar bayan lisha, ka sakar wa ladan da inuwa. Littafin kuwa na ba yara, suna koyon haɗa baƙi a bayan shafukansa.

Ina sauraron amsarka bayan la'asar, in Allah ya yarda. Kada ka tambaye ni ƙarfe nawa.

Haza wasalam.

Naka, wani ma'aikaci mai zaure.