Aboki Likita

A shekarar 1943, lokacin da Jamus ke riƙe da yammacin Yukren, dazukan Volin sun cika da mayaƙan sunƙuru na rundunar UPA, masu neman ƙasarsu ta tsaya da ƙafarta. Sun yaƙi Jamusawa, sun yaƙi Tarayyar Sobiyet, kuma a wannan shekarar suka kashe dubun-dubatar Polawa fararen hula a ƙauyuka. Bindiga ba ta yi musu wuyar samu kamar likita ba. Ƙungiyarsu ta agaji, wadda Katerina Zaritska ta shugabanta, tana koya wa 'yan matan ƙauye ɗaurin rauni, amma ciro harsashi daga cinya sai wanda ya yi karatun. Likitocin yankin kuwa da yawansu Yahudawa ne, kuma Jamusawa sun riga sun ƙarar da mafi yawan al'ummarsu, kamar yadda suka yi wa unguwar da suka killace su a Rivne a Yulin 1942.

Mu ɗauki ɗaya daga cikin ragowar likitocin. Aka tsince shi a daji, ƙashi da rai, aka ce ya zaɓa: ko ya yi musu aiki, ko a bar shi da Jamusawa. Wannan ba zaɓi ba ne, amma ya ce ya yarda.

Asibitin rami ne da aka haƙa, aka jera itatuwa a rufinsa, aka binne da ƙasa da ganye. Ba a hura wuta da rana, kada hayaƙi ya tona asiri. Bandeji tsofaffin zanen gado ne na saƙar gida, a dafa, a shanya, a sake ɗaurawa. Barasar da manoma ke dafawa da ita ake wanke ciwo, ita kuma ake ɗura wa majiyyaci kafin a yanka shi, domin maganin kashe zafi sai an kwato daga abokan gaba. Ƙwarƙwata na yawo da zazzaɓin taifus daga shimfiɗa zuwa shimfiɗa. Yarinyar da ke taya shi aiki ta san saiwoyi da ganyayen dajin, shi ya san jijiya da ƙashi, haka suka riƙa haɗa abin da ke hannu.

Wani dare aka shigo da kwamandan wata runduna, cinya ta kumbura, har ta fara wari. Na kusa da shi suka ce a datse ƙafar. Likita ya ce a ba shi zuwa asuba. Ya tsaga, ya ciro harsashin da tsumman wando da ya bi shi ciki, ya kwana yana matse ruwan ciwo a hasken kyandir.

Da kwamanda ya farfaɗo ya ga ƙafarsa na nan, sai ya kama hannunsa.

"Aboki likita, daga yau jininka jinina ne. Wanda ya taɓa ka ya taɓa ni."

Likita ya ce, "Kada dai ka taka ta sai bayan mako uku."

Labarin nan yakan faɗo mini a rai idan na ga manya a kan mumbari suna rabon lambobin yabo da kujeru bayan an ci nasara. Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake.

A farkon Fabrairun 1944 sojojin Sobiyet suka kama Rivne da Lutsk. Sai lissafi ya canza. Mutumin da ya san kowane rami, ya ga fuskar kowane shugaba ba riga, ya zama haɗari. Yahudawan da suka tsira sun ba da shaidar cewa a wannan tsakanin aka kashe da dama cikin likitoci da masu sana'ar da rundunar ta riƙe. Da 'yan sashen tsaron mayaƙan suka zo tafiya da likitan, yarinyar ta ruga wurin kwamanda tana kuka. Ya saurare ta sarai. Ya ce umarni daga sama yake, kuma yanzu yana da taro. Ya miƙe a kan ƙafafunsa biyu ya fita.

Ita yarinyar Sobiyet sun kama ta daga baya, aka tura ta sansanin aikin tilas a Vorkuta. Zaritska ma an kama ta a 1947, ta yi shekara 25 a kurkuku. Kwamanda kuwa yana cikin waɗanda suka ratsa Cekoslobakiya a 1947 suka isa Bavariya, yankin da Amurka ke iko da shi. Ya yi tsawon rai. Duk ranar 14 ga Oktoba, da tsofaffin mayaƙa suka taru, yakan naɗe wando ya nuna wa samari tabon. Idan aka tambaye shi wa ya yi masa wannan aiki mai kyau a cikin rami, sai ya ce mutanenmu ne, ai mu ba mu taɓa dogara da bare ba, kana ya nemi a ƙaro masa shayi.