An Turo Min, Na Tura Maka

A unguwarmu yanzu an daina tambayar mutum me ya ji, sai dai a ce masa, "Ka gani kuwa?" Da an idar da la'asar an baza tabarma a ƙofar gida, kafin mai shayi ya hura wuta, wani ya miƙo waya: "Alhaji, duba abin da ake yi a Abuja." Kawuna su haɗu a kan gilashi ɗaya, a kalla, a yi salati, na gefe ya ce, "Don Allah, Malam, tura min." Kafin kiran magariba bidiyon ya zaga guruf ɗin masallaci, da na tsofaffin ɗalibai, da na matan gida masu adashi.

Iyayenmu rediyo suka sani. Tun 1957 BBC ke magana da Hausa, kuma dattijo kan zauna da akwatinsa a gindin kunne yana jiran lokacin labarai. Labari sai ya bi ta hannun masu tacewa kafin ya iso. Yau duk mai datar naira ɗari biyu gidan rediyo ne da kansa, shi ne wakili, shi ne edita.

Mun ga ƙarfin abin da idonmu a watan Agustan 2024. Kada wani ya ce waya ce ta kawo fushin jama'a, domin yunwa ta riga ta shiga gidaje. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haye 500 cikin kwanaki, kuɗin mota da na kwanon masara suka bi ta. Abin da waya ta yi shi ne, ta sanar da magidancin da ke kwana yana lissafin cefane a Kurna ta Kano cewa na Zariya da na Damaturu ma haka suke kwana. Daga nan aka sa rana: 1 zuwa 10 ga Agusta, zanga-zangar tsadar rayuwa. Watan Yuli kaf a kan wannan muka ƙare shi. Malamai da dama suna jan kunne a kan mumbari cewa kada a fita, samari suna mayar da martani a TikTok da Facebook, mu kuma a majalisa mun rabu gida biyu, kowa da bidiyon da yake kafa hujja da shi.

Ranar ta zo, da safe mutane suka fito da kwalaye, suna faɗin damuwarsu ta gaskiya. Kafin yamma labari ya sha bamban. A Kano an fasa sabuwar cibiyar fasahar zamani ta hukumar NCC da ba a kai ga buɗewa ba, aka kwashe kaya, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa dokar hana fita ta awa 24. Kwanaki kaɗan sai ga tutar Rasha a hannun yara, har aka kama teloli da ake zargi da ɗinka ta. Daga baya ƙungiyar Amnesty ta ce aƙalla mutum 24 ne aka kashe a faɗin ƙasa. Ku tuna su wa muka gani a sahun gaba: yara ƙanana masu silifas, waɗansu ko wayar ba su mallaka ba. Mu da muka yi ta tura saƙon "kowa ya fito", yawancinmu muna cikin zaure muna kallo ta gilashi.

Wani dattijo a layinmu ya tuna mana da Janairun 2012, lokacin da gwamnatin Jonathan ta ɗaga lita daga naira 65 zuwa 141. A lokacin ƙungiyoyin ƙwadago, NLC da TUC, su suka ja ragama. Akwai wanda zai ce a fito, akwai wanda zai ce a koma gida, akwai wanda gwamnati za ta zauna da shi, har aka sauko zuwa naira 97. Taron da waya ta kira kuwa, ta iya tara shi, amma ba ta iya tsawata masa. Idan ɓata-gari suka kutsa, babu mai muryar da za a ji.

Amma fa kada mu ci amanar wayar nan, ta yi mana rana. Ranar 1 ga Nuwamban 2024 aka gurfanar da waɗanda aka kama a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, cikinsu har da ƙananan yara, bisa tuhumar cin amanar ƙasa. Wanda ya ga bidiyon ba zai manta ba: yara ramammu bayan wata uku a tsare, wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali. A ranar babu majalisar da ta rabu biyu. Hajiya mai ƙosai tana share hawaye da gefen mayafi tana cewa, "Wannan ai sa'an autana ne." Muka tura, muka yi magana, lauyoyi da ƙungiyoyi suka ɗaga murya, ranar 4 ga wata shugaban ƙasa ya ba da umarnin a sake su. Da a ce babu mai ɗaukar hoto a kotun nan, Allah kaɗai ya san yaushe za su ga iyayensu.

Hannun da ya tura wancan bidiyo, shi ne kuma ya tura saƙon wanka da ruwan gishiri a 2014, lokacin Ebola, aka yi ta tashin iyali cikin dare, har wasu suka sha suka kwanta asibiti. Shi ne ya yaɗa cewa Buhari ya rasu an sauya shi da wani Jubril daga Sudan, har sai da mutumin ya fito a 2018 ya ce shi ne dai da kansa. Tsohon hoton rikici daga wata ƙasa yakan dawo da sunan garinmu, mu tura, mu ce ai haka aka turo mana. Rufe kafar sadarwa kuma ba magani ba ne. An toshe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, samari suka koyi zagayawa ta VPN.

Gyaran yana hannunmu, 'yan'uwa. Tura saƙo shaida ce, kuma tun a Islamiyya aka koya mana bincika labari kafin a yi aiki da shi. Kafin ka danna, tambayi wanda ya turo: a ina aka yi, yaushe, wa ya gani? Idan kira ne na fita, ka nemi sanin wa ya kira, ina za a tsaya, wa zai yi magana da sunan jama'a. Haƙƙinmu ne mu faɗa wa masu mulki cewa muna jin jiki, kuma za mu ci gaba da faɗa. Sai dai duk fitar da ba za ka yarda ɗanka ya je ba, kada ka tura wa ɗan maƙwabcinka gayyatarta.