Mutum Shida Kacal

Da aka ɗora mini zaɓen 'yan wasan ƙwallon raga na kwalejinmu, na ce ai abu mai sauƙi ne, mutum shida kacal doka ta yarda su shiga fili. Ashe rabon gado ya fi shi sauƙi.

Kafin in isa gida Auyo ran Juma'a, labari ya riga ni. Ana saukowa daga masallaci kawu ya ja ni gefe: "Ɗana, ka san ƙanen nan naka tun yana goye yake tsalle." Ƙanen nan kuwa, ko ya yi ɗage ya miƙa hannu, bakin raga na can sama yana kallonsa, don ta maza tsayinta mita 2.43 ne. Na ce, "Allah ya ƙara girma, kawu, ai wasan dogaye ne." Ya ce ya ji akwai wani gajere da ake ba riga daban, wai libero. Mutumin da ko rediyo ya kunna, farashin taki kawai yake saurara!

Dogon da nake ji da shi, mai dukan ƙwallo kamar yana bugun shinkafa, ya aiko cewa tsuntsun jan-baki ya sauka a fadamarsu, ba ya barin gona sai an yanke. William Morgan, da ya ƙirƙiro wasan a Amurka a 1895, bai sa tsuntsu a lissafi ba.

Ranar wasa na ƙirga waɗanda suka zo: shida cif, har da ɗan kawu. Shi ne ma ya kawo ƙwallon.