Ka Tafi da Agogo: Shawara ga Baƙon Agege Mai Neman Makarantar Turanci

Duk saurayin da ya taso daga Damagaram, Maraɗi ko Tawa ya sauka Agege a Ikko da niyyar koyon Ingilishi, ya fara sayen agogo kafin ƙamus. Niyyar tasa tana da hujja, domin a 2025 Nijar ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ta jera Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Aikin agogon kuwa guda ne, ɗan'uwa: ka auna minti nawa bakinka zai motsa a cikin aji. A kan wannan kaɗai za ka zaɓi makaranta, fenti da fanka da hoton tutar Ingila su biyo baya.

Za ka ga allunan talla masu alkawarin Turanci zar cikin wata uku. Kada ka yi musu da allo, ka yi lissafi. Ma'aunin harsuna na Turai hawa shida ne, daga A1 zuwa C2, kuma masu jarrabawar Cambridge sun ƙiyasta cewa kowane hawa yana cin kimanin awa 200 na karatu a gaban malami. Kaiwa hawan B2 tun daga farko, wanda jami'o'i da yawa ke nema, awa 500 zuwa 600 ne. Makarantar da ke karatun awa biyu, kwana uku a mako, ba ta cika awa 80 a wata uku. Saboda haka kafin ka zaro ko sisi, ka roƙi a bar ka ka zauna darasi ɗaya, don ba a cinikin biri a sama. Ka samu kujerar baya, ka ƙirga kawuna. In ɗalibai 40 ne, awa biyu ta ba kowa minti uku, shi ma sai in malam ya kame bakinsa tun daga shiga har fita, abin da ba a taɓa ji ba. In goma ne, rabonka minti 12. Sannan ka lura da irin maganar da ake yi. Akwai ajin da malam zai faɗi jimla, jama'a su amsa baki ɗaya har kwanon rufi ya ɗauka. A cikin wannan amshi mutum zai iya shekara yana motsa leɓe babu wanda ya gane. Wanda kake nema shi ne malamin da zai kira sunanka, ya jefo maka tambayar da ba ta cikin littafi, ya jira ka gama gumi, sannan ya gyara maka.

Babban abin da zai hana ka iya Turanci kuwa daɗin Agege ne. Tun zamanin fataucin goro da jirgin ƙasan da ya haɗa Ikko da Kano a 1912 Hausawa suka kafu a nan. Mai shayi naka ne, mahaucin Oko-Oba naka ne, wanzami da liman da mai gyaran waya duk naka ne. Za ka iya wayewa ka kwanta ba ka furta kalmar Turanci ko ɗaya ba. Ga baƙo wannan ni'ima ce, ga ɗalibi kuwa asarar awoyi. Gwamnatin Najeriya ta san da haka, shi ya sa a 1991 ta kafa ƙauyen koyon Faransanci a Badagry, inda ake kai ɗaliban jami'a su kwana su tashi cikin harshen. Kai ma ka gina naka ƙauyen. Ka zaɓi makarantar da sai ka hau mota ko jirgin nan na Red Line zuwa Ikeja ko Yaba. In ka tarar da ɗan garinku a aji, ku gaisa a bakin ƙofa, ka tambayi mutanen gida, sannan ka nufi ɗaya kusurwar. A yi zumunci bayan Isha'i. Ka yi hattara da ɗan Kwatano ma, don Faransanci zai haɗa ku kafin a tashi tara. Kujerar kusa da Bayarabiyar 'yar kasuwa ita ce taka.

Wani zai ce ai ga alhazan kasuwar Mile 12 sun tara dukiya da buroka, ba su taɓa shiga aji ba. Gaskiya ne, kuma buroka harshe ne mai biyan buƙata, ka koye shi don kwandasta da ciniki. Amma ba a rubuta jarrabawar WAEC da shi, jami'a kuma ba ta ɗaukar wanda bai samu kiredit a Ingilishi ba. In ƙetare ka nufa, jarrabawar IELTS tana da sashe huɗu, sauraro da karatu da rubutu da magana, kuma a sashen magana za ka yi minti 11 zuwa 14 kai kaɗai da mai jarrabawa, babu amshi. Satifiket mai bakin zinare da makarantar unguwa ke bugawa ba ya maye gurbin wannan, don haka ka tambaye su wace jarrabawa suke shirya mutum dominta.

Mai cewa ƙaramin aji tsada gare shi, ya raba kuɗin da mintocin maganarsa. Ajin mutum goma ko ya ninka na mutum 40 sau uku a farashi, minti ɗayansa ya fi araha. Ka biya wata-wata, ka karɓi rasit, kuma kada ka yi gaggawar rubuta IELTS tun ba ka san inda za ka kai ta ba, don shekara biyu kawai ake karɓar sakamakonta.