Yadda Ake Biyan Kuɗi a Kwana a Waje: Shawara ga Maigida Mai Shirin Kafa Tanti a Faransa

Kafin komai, Alhaji, ka tanadi amsar da za ka ba dangi. Ranar da labari ya isa gida cewa ka yanki tikitin jirgi na mutum shida, ka bi layin biza, ka tsallaka teku, duk don ka kwantar da iyalinka a tanti a gindin bishiya, akwai gwaggon da za ta tambaya ko lafiya, akwai kuma yayan da zai ja ka gefe ya ce in bashi ne ya yi maka katutu ka faɗa tun da wuri. Kada ka ja zance. Ka ce musu Faransawa haka suke yi tun 1936, shekarar da gwamnatin Léon Blum ta ba ma'aikata hutun mako biyu da albashinsu, talakawa suka ɗaure barguna a bayan keke suka nufi bakin teku. Ka ƙara da cewa yau ƙasar tana da zangon tanti sama da 7,000, babu mai yawansu a duk Turai. Ba gamsuwa za su yi ba, amma lissafi yakan rufe bakin mutum na ɗan lokaci.

Ma'aikacin biza shi ba ruwansa da dalilinka. Takardar shaidar masauki yake so, da inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000, da kuɗinsa: yuro 90 ga babba, 45 ga yaro ɗan shekara 6 zuwa 12. Wato sai ka kama wuri kafin ka san ko za a bar ka ka je. Don haka ka karanta sharaɗin mayar da kuɗi kafin ka kalli hoton faɗuwar rana.

Hoton nan shi ne tarko na farko, taurari kuma na biyu. Hukumar yawon buɗe ido ta Atout France ce ke raba su, daga ɗaya zuwa biyar, kuma abin da take aunawa kayan aiki ne: faɗin fili, yawan banɗaki, ko akwai mai jin wani yare a wurin karɓar baƙi. Ba ta auna minshari. Ba ta auna ko filin da aka ba ka yana jingine da kwandon shara. Zango mai tauraro biyar gari ne sukutum, da kanti da gidan abinci da wurin ninkaya mai zamiya iri-iri da lasifika mai kiran yara rawa da yamma. Mai tauraro biyu kuwa fili ne da famfo da tsohuwa mai maƙullai. In yaranka sun kai shekarun da ke cewa "Baba, mun gaji da zama" sau goma kafin azahar, ka biya na tsadar, ka ɗauka sadaka ce ka yi wa kunnenka. In jarirai ne, ka nemi na tsohuwar.

Sai zaɓen yanki. Wanda ke son jama'a ya nufi Argelès-sur-Mer, daf da iyakar Sifen a bakin Bahar Rum, ƙaramin gari mai zango kusan 50, inda a watan Agusta sai ka nemi izini kafin ka miƙe ƙafa a kan rairayi. Wanda ke son kogi ya tafi Ardèche, ya sa iyali a kwalekwale su bi ta ƙarƙashin Pont d'Arc, dutsen da ruwa ya huda ya mai da shi kamar ƙofar gari, tsayinsa ya haura mita 50. Kwalekwalen na mutum biyu ne, kowa da filafilinsa, kuma a nan ne ake gane wanda ke tuƙa gidan da gaske. Bakin Atlantika, wajen Vendée da Landes, ya fi sanyi da iska, sai dai daga Landes zuwa Gironde ruwan yana da makirci: akwai ramuka a gaɓa masu kama da kududdufi mai lafiya, alhali ta nan igiyar ke jan mutum zuwa tsakiya. A yi wanka tsakanin tutocin da masu ceto suka kafa, in an ɗaga ja kuma a koma gina gidan ƙasa. Wannan ba raha a cikinta.

Kada kuma ka yaudari kanka cewa ka gudo daga zafi. A Yunin 2019 an auna digiri 46 a wani ƙauye na kudancin Faransa. Tanti da ƙarfe takwas na safe in rana ta same shi, ko ɗan Sakkwato sai ya fito yana salati. Shi ya sa tambayar da ta fi kowace daraja ita ce ta inuwa. Ka nemi taswirar zangon, ka rubuta musu ka ce kana son fili mai bishiya, bishiya ta gaske, wadda ta girmi mai zangon, ba tsiron da aka dasa bara aka ɗaure shi da sanda ba.

A kan taswirar nan dai za ka yi lissafin da ya fi na biza wuya, wato nisanka da banɗaki. In ka yi kusa da yawa, ka zama mai gadin ƙofa: duk dare ƙarar silifas, da ƙarar ƙofa, da fitilar da ke kunna kanta in an gifta. In ka yi nisa, ka tuna autanka ba ya jin fitsari sai ƙarfe uku na dare, kuma ba ya yarda kowa ya raka shi sai kai. Tafiyar minti biyu ita ce daidai. Ka zo da butarka, don ba za ka samu a can ba, kuma a zango da yawa ko takardar banɗaki ba a ajiyewa, kowa da tasa yake tafe a hammata, yana gaida jama'a ba kunya ba tsoron Allah. Kwana biyu za a yi ana kallon butar. A na uku wani dattijo ɗan Holan zai tsaya ya yaba maka, a zatonsa furanni kake ba ruwa.

Mutanen Holan ɗin nan ka saba da su tun yanzu, su ne maƙwabtanka. Sukan zo da ɗaki a ɗaure a bayan mota, da kekuna huɗu a kai, su kafa komai cikin rabin sa'a ba wanda ya ɗaga murya, sannan su zauna a kujerun naɗewa suna kallon yadda kake kokawa da sandunan tantinka. Da yamma za ka sake haɗuwa da su a wurin wanke-wanke, jerin kwatami ƙarƙashin rumfa, inda mafi yawan masu riƙe da soso maza ne. Hajiya za ta lura da wannan tun daren farko. Ba za ta ce komai ba, roba kawai za ta miƙo maka.

In tanti ya gagara, akwai ɗan gida mai taya wanda tayar ba ta taɓa juyawa ba, da firji da murhun gas da banɗakinsa a ciki. Iyalai masu yara da yawa shi suke haya, yawanci daga Asabar zuwa Asabar. Sai dai in an rubuta mutum shida, to shida ake nufi, kuma jaririn goye mutum ne. Babu "ai yaro ne, sai ya raɓa". Ɗan'uwanka da ke Marseille in ya ji ka zo ya kwaso iyalinsa don zumunci, a ƙofa za a tsayar da su, a rubuta sunansu, sau da yawa a karɓi kuɗin baƙo, a kuma gaya musu lokacin tafiya. Zanin gado da tawul ma galibi sai ka biya daban ko ka zo da naka.

Yanzu ka gyara zama, mun zo wurin ninkaya. A Faransa, a wurare da yawa an hana namiji shiga ruwa da gajeren wando mai faɗi. Hujjarsu tsabta ce: wandon da ka yi yawo da shi a gari bai kamata ya shiga ruwan jama'a ba. Abin da aka yarda da shi ɗan matsattse ne wanda da ƙyar ya fi kamfai, kuma a wasu wuraren har da na'urar da ke sayar da shi a bakin ƙofa, don kada ka ce ba ka samu ba. Ka tsaya ka yi tunanin kanka, da tumbinka, da furfurarka, a gaban 'ya'yanka. Mafita biyu ce: ko ka tambaya a rubuce ko suna karɓar matsattsen da ya sauko har gwiwa, ko ka naɗa kanka mai tsaron tawul da takalma, muƙamin da ba ya zubar da girma. Haka kayan wankan Hajiya da 'yan mata masu rufe jiki: kowane zango da dokarsa, wani ya yarda, wani ya ƙi, kuma gara ka ji ƙin tun kana gida da ka ji shi daga bakin yaro mai usur.

Akwai kuma zangon da matsalarsu ba ƙarancin tufafi ba ce, rashinsu ne ɗungurungum. Faransa ta yi suna da su, mafi shahara a Cap d'Agde. In ka ga an rubuta naturiste a jikin talla, komai arhar wurin da kyan bishiyoyinsa, ka rufe shafin ka yi a'uziyya.

Batun ciki. Kilishi da dambun nama da man shanun da Inna ta ɗura maka a gora, ka bar su a gida, domin doka ta hana matafiyi shiga Tarayyar Turai da nama ko kayan madara, kuma jami'in kwastan ba ya jin "ai tsaraba ce". Kantin cikin zango tsada gare shi, kuma rabin abin da ke firjinsa ɗan alade ne a yanka daban-daban, har da wanda ake yayyankawa ƙanana a ɓoye a cikin salak. Ka duba ko akwai babban kanti kusa, irin Carrefour ko Leclerc, waɗanda da yawansu ke da sashen halal, ko mahaucin Larabawa a garin da ke gaba. Burodin safe kuwa tun daren jiya ake rubuta suna, wanda ya manta ya karya da biskit. Mafarkin gasa tsire a kan gawayi shi ma sai ka tambaya: a kudu zango da yawa sun hana gawayi da rani saboda gobara. A Yulin 2022 wutar daji ta cinye zango biyar a gindin Dune du Pilat, tudun rairayin da ya fi kowane tsayi a Turai, kuma tun kafin nan ma ba a wasa da su a kan wuta.

Da dare kada ka sa ran yara su kwanta bayan isha'i, domin a farkon Yuli a arewacin ƙasar sai wajen ƙarfe goma rana ke faɗuwa. Ka gaya wa ɗan shekara biyar dare ya yi, ya nuna maka sama. Dokar shiru takan fara ne wajen goma ko sha ɗaya, kuma ta shafe ka: hirar bidiyo da mutanen gida, wadda ake yi da murya kamar babu waya a tsakani, bangon tanti ba ya tare ta. Ka tambaya kuma ko ana karɓar karnuka, don mafi yawa ana karɓa, kuma karen maƙwabci yana da sha'awa ta musamman ga dardumar da aka shimfiɗa a kan ciyawa.

Ranar tafiya ma zaɓi ce. Asabar ɗin ƙarshen Yuli da ta farkon Agusta su ne lokacin da masu hutun Yuli ke komowa, na Agusta ke fita, duka a kan titi ɗaya. Hukumar hasashen cunkoso ta Bison Futé takan shafa wa irin wannan rana baƙin launi, mafi muni a ma'auninta, kuma babbar hanyar A7 daga Lyon zuwa kudu takan koma wurin ajiye motoci, ga kuɗin hanya kana biya. Ka kama wuri tun Janairu ko Fabrairu, ka nemi farkon Yuli ko makon ƙarshe na Agusta, farashi ya fi sauƙi.

Saura fita, in gidan mai taya ka kama. Ranar shiga an karɓi kuɗin ajiya a hannunka, an ba ka takarda mai jerin duk abin da ke gidan, kai kuma ka cusa ta a aljihu saboda gajiya. Ranar fita, kafin ƙarfe goma na safe, wata yarinya za ta zo da irin takardar da biro, ta buɗe firji, ta shafa yatsa a kan murhu, ta ƙirga kofuna, ta ƙirga cokula. Shida aka rubuta, biyar ta gani. Kada ka yi musu, kada ka rantse. Ka tura autan ya duba ramin da ya wuni yana haƙawa jiya a bayan gida.