Ranar Da Na Zama Odita

Laifin Baffa ne, shi ya fara. Ranar wata Alhamis ya aiko yaro da ambulan, da saƙon cewa tunda ni ne ɗan bokon gida, in duba takardun nan kafin taron magada na ranar Asabar. Ni kuwa malamin Tarihi ne a sakandare. In maganar Yaƙin Basasa ce ko zuwan Lugga Kano a 1903, a tashe ni cikin dare. Amma lissafi, tun ina aji uku muka yi hannun riga. Sai dai wa zai ce da Baffa bai iya ba, bayan an kira shi ɗan boko a gaban yaro?

Kamfanin namu na matsar man gyaɗa ne a Sharaɗa, wanda marigayi mahaifinmu ya kafa da ƙannensa. Mijin babbar yayarmu ne manaja, mutum mai sanyin hali, wanda na daɗe ina ƙullace da shi saboda ya sauya mota. Abin da ke cikin ambulan ɗin fotokwafi ne na shafin da akantoci ke jera lissafin shekara biyar a sahu biyar. Mai fotokwafin ya fille kan shafin, shekarun sun tafi, lambobi kawai suka rage.

Bayan sallar isha'i na haɗa shayi, na ari kalkuletan 'yata, na zauna. Layin albashi na fara gani: 14,200. Naira dubu goma sha huɗu a shekara, ga ma'aikata sun fi ashirin! Har na fara salati, sai yarinyar, wadda ke aji biyu na ƙaramar sakandare, ta leƙo ta kafaɗata ta nuna wani ɗan rubutu da ya tsira a saman shafi, N'000. Ta ce, "Abba, ai kowace lamba sai an ƙara mata sifili uku." Na ce na sani, gwada ta nake. Na kore ta ta je ta kwanta.

Sai na koma layin ciniki, na karanta daga hagu zuwa dama kamar yadda aka koya mana a firamare: miliyan 310, 190, 150, 120, 95. Gabana ya faɗi. Kowace shekara ƙasa, kamar mai saukowa daga bene. Na danna kalkuleta, ta ce kashi 69 cikin ɗari ya salwanta. Na tuna sabuwar motar nan, komai ya fito fili. Na tashi matata daga barci na ce mata ranar Asabar za a ga abin da ake kira ilimi. Ta ce in kashe fitila.

Ranar Asabar zauren Baffa ya cika. Ga baffanni, ga yayye, ga Gwaggo a bakin ƙofar cikin gida da carbinta, ga manaja, ga wani saurayin akanta da ya raɓe a gefe da jaka. Na sa babbar rigata ta sallah. Da aka ba ni dama na miƙe, ko da yake kowa a zaune yake magana. Na fara da faɗuwar daular Songhai a 1591, na nuna cewa dauloli daga ciki suke ruɓewa kafin maƙiyi ya iso. Sannan na karanto lambobin ɗaya bayan ɗaya, ina tsayawa bayan kowace don ta shiga jiki. Na rufe da cewa ba na zargin kowa, amma ɓera da ɓatan daddawa ba baƙin juna ba ne. Ina faɗa ina kallon tagar da motar ke fake a bayanta.

Zaure ya yi tsit. Manaja ya sunkuyar da kai, ni kuma na ɗauka kunyar kamun da na yi masa ce. Ashe dariya yake dannewa.

Baffa ya ce in miƙo takardar. Bai taɓa shiga aji ba, allo ya yi, kuma har yau da ajami yake rubuta bashinsa. Ya gyara tabarau, ya ɗora yatsa a gefen dama, ya taho hagu a hankali yana karantawa: casa'in da biyar, ɗari da ashirin, ɗari da hamsin. Ya ɗago ya ce, "Ni kuwa hawa na ga yana yi." Akantan ya yi gyaran murya ya ce, "Ranka ya daɗe, Alhaji ne daidai. A irin wannan rahoton shekarar da aka rufe ce a hagu, tsofaffin suna bin ta zuwa dama. Miliyan 310 ɗin na 2024 ne, 95 ɗin na 2020."

Mai hankali da sai ya zauna. Ni sai na fizgi takardar na juya akala nan take. Na ce to alhamdulillahi, ai abin da nake shirin zuwa kenan, ciniki ya ninka sau uku har da ɗoriya, ga riba ma ta tashi daga miliyan 9 zuwa 21, har an sa mata baka biyu don muhimmancinta. Na nemi a yi wa manaja addu'a, a kuma fara maganar rabo. A zuciyata har na kai sabon firij gida.

Akantan ya kalli Baffa kamar mai neman izinin yanka. Ya ce, "Malam, lambar da ke cikin baka biyu asara ce."

Daga nan ya ɗauki bayani, ni kuma na lallaɓa na zauna a kan takalmin wani. A 2022 kamfanin ya ɗauko injin matsa daga Sin bashi, kuma da dala aka ƙulla cinikin. A farkon Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Cikin watan Babban Banki ya saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, kafin a je ko'ina a 2024 dala ta haura 1,500. Bashin bai ƙaru da ko dala ɗaya ba, amma a littafin naira ya ninka uku, kuma dole a rubuta bambancin a matsayin asara. Ga dizal da ya wuce naira dubu a lita, ga gyaɗar kanta da ta yi tashin gwauron zabi a kasuwar Dawanau. Ya ce ba mu kaɗai ba ne, MTN ma da girmansa asara ya bayyana a Najeriya a 2023 da 2024, alhali kuɗin shigarsa ƙaruwa yake yi. Na gyaɗa kai da ƙarfi, don a ga ina biye.

Gwaggo ce ta ƙarasa ni. Ba ta kalli takardar ba ko sau ɗaya. Ta tsayar da carbi ta ce, "Yaro, bar ni da miliyoyin nan. Jarka nawa kuka sayar waccan shekarar, nawa kuka sayar bara?" Akantan ya buɗe jaka ya duba wani littafi, ya ce na bara bai kai na 2020 ba. Ta ce, "To, man ne ya yi tsada, ba kasuwar ce ta buɗe ba. Ni ma kuɗin cefanena ya ninka uku, tukunyar kuwa ita ce dai." Ta ci gaba da jan carbinta. Shekara huɗu na yi a jami'a, tambayar nan ba ta zo mini ba.

Da aka tashi na bi manaja har gindin mota na ba shi haƙuri. A nan na ji cewa motar ma ta ƙaninsa ce da ke Abuja, aro ya ba shi. Ya rage mini hanya a cikinta, da sanyin na'urarta da komai, bai ce uffan ba har ƙofar gidana, abin da ya fi zagi ciwo.

Yanzu yaran gidan Baffa Odita suke kirana, matata kuma in na tambayi canjin cefane sai ta ce daga hagu zan ƙirga ko daga dama. Taron bana yana nan tafe bayan sallah, an kuma aiko da ambulan gidana jiya. Sunan 'yata ne a bayansa.